Gilashi mai gocewa: yadda muke miƙe gini a hoto

Ɗan Katsina: Salamu alaikum. Wa ya taɓa aiki da gilashin kyamara mai gocewa, wanda ake iya gotar da shi sama, ƙasa ko gefe ba tare da motsa kyamara ba, irin TS-E na Canon ko PC na Nikon? Hasumiyar Gobarau ce ta hana ni sakat. Da na ɗaga kan kyamara don in kamo samanta, sai ginin ya fito kamar zai faɗi da baya.

Malamin Zariya: Wa alaikumus salam. Ɗaga kan nan shi ne matsalar, ƙanena. Muddin sensa, wato farantin da hoto ke sauka a kansa a cikin kyamara, ba ta miƙe daidai da bango ba, layukan tsaye sai sun nufi juna ta sama. Ni ina kafa kyamara a kan mai ƙafa uku, in daidaita ta tana kallon gaba sak. A lokacin rabin hoton duk ƙasa ce, kan ginin ya yanke. Sai in murɗa ɗan kunnen da ke gefe, gilashin ya haura, kyamara ba ta motsa ba: ƙasa ta fice, sama ta shigo. Da'irar hoton da gilashin TS-E 24mm samfuri na biyu yake jefawa ta kai milimita 67, babbar sensa (full-frame) kuwa milimita 43 ce daga kusurwa zuwa kusurwa, shi ya sa yake da filin gocewa har milimita 12. Ba sabon abu ba ne, Nikon ta fito da shi tun farkon shekarun 1960.

Mai waya: Malam, da tsadar nan? Ai Lightroom, shirin gyaran hoto, yana miƙe bango.

Malamin Zariya: Yana miƙewa, amma ta hanyar ja da yanke gefe. Saman hoton ne ke rasa kaifi. In tsada ce matsalar, gilashin kamfanin Samyang ya fi sauƙin kuɗi.

Ba'agadashe: Ku yi hattara da miƙewar kwamfuta. Hasumiyar masallacinmu na Agadas, mai tsawon mita 27, da ma a tsuke aka gina ta, gindi da faɗi, sama siririya. Na ga hotunan da aka ja ta har ta koma kamar akwati, kuma wallahi abin ya yi mini ciwo, don aikin magina aka ɓata. Da gilashi mai gocewa ba sai ka yi kintace ba. Kyamara na tsaye daidai, duk tsukewar da ta fito ta ginin ce. Ginin ƙasa ba ya son a tilasta masa layi.

Hajiya mai hoton biki: Ni a ɗakin amarya nake morarsa. Madubi gaba, madubi gefe, ko ina sai ka ga kanka. Sai in matsa gefe kaɗan, in gotar da gilashin wajen madubin. Ya fito a miƙe, ni kuma babu ni ciki. Amma ƙanena ka sani, fokas da hannu ake yi, kuma ka auna haske kafin ka gotar, don ma'aunin kyamara yakan rikice.

Malamin Zariya: Gaskiya ne, Hajiya. In ka kai shi ƙarshe kusurwa takan yi duhu, ka tsuke ramin shigar haske zuwa f/8 ko f/11.

Ɗan Katsina: Allah ya saka da alheri. Zan nemi aro ranar Asabar in gwada da sassafe. Malam, 24mm zai ishe ni, ko sai 17mm da ya fi ɗaukar faɗi?