Hajiyarmu na son waƙar Indiya, in kai ta kallon Orpheus a Leeds? (tattaunawa ta shekarar 2022)

Maman Ilham, Bradford
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka je da ƙafarsu. Hajiyarmu ta zo min jego daga Kano, ƙarshen wata za ta koma, kuma in ban da asibiti da kasuwa ba inda na kai ta. Na ga kamfanin Opera North na yin wani wasan opera (wasan kwaikwayo da ake rerawa da waƙa) a Grand Theatre na Leeds, Orpheus, sun haɗa kiɗan Monteverdi, wani mai tsara kiɗa na Italiya na zamanin da, da kiɗan gargajiyar Indiya. Hajiya tun zamanin kaset take bin finafinan Indiya, ko yau ta ji sita, molon nan na Indiya, sai ta ajiye abin da take yi. Amma ba ta karanta Turanci, gwiwarta ba ta son matakala, ga jaririya sai na nemo mai riƙe min. Zai yi mata daɗi, ko asara zan yi?

Sadiƙu, Leeds
Wa alaikumus salam Anti. Ki kai ta wallahi. Ni ban taɓa shiga opera ba sai wannan. Dandalin bayan gida suka mayar da shi, irin gidajen Ingilan nan, da fitilu da furanni, ana shagalin biki. Makaɗan ba a ramin gaban dandali suke ba kamar yadda aka saba, suna zaune cikin 'yan biki, mai sita kusa da mai goge na Turawa. Jasdeep Singh Degun, wanda ya tsara ɓangaren Indiya, ɗan Leeds ne. Da aka zo wajen mutuwar amarya, dattijuwar da ke gefena kuka ta dinga yi. Fam 10 na biya.

Hajiya Ummi, Manchester
Fam 10 a ina? Ni da na duba kujeru masu kyau sun haura 60.

Sadiƙu, Leeds
Tsarinsu ne na 'yan ƙasa da shekara 30, Hajiya.

Ɗan Fagge
To shi ke nan, Maman Ilham, a rage wa Hajiya shekaru, a ce bana ta gama sakandare 😂

Baban Khalifa
Ƙanwata, riƙe kuɗinki. Na daina zuwa duk wani abu da aka ce haɗa Gabas da Yamma ne. Wasu shekaru baya na kwashi iyalina mu huɗu zuwa wani gari, an cika mu da talla cewa za a haɗa makaɗan Indiya da na Turai. Jirgin ƙasa ya makarar da mu kaɗan, aka ce ba mai shiga sai an yi hutu. Muka tsaya a baranda muna kallo ta talabijin da tikitinmu a hannu. Da muka shiga kuma me? Mai tabla, gangunan Indiya, an ajiye shi can gefe, ya yi ta zaune yana jira, sai a ɗaga masa hannu ya buga kaɗan, Turawa su danne shi da sautinsu. Dattijo ne da ka ga yatsunsa ka san ya ƙware, amma ado kawai aka kawo shi ya yi. Abin ya ƙona min rai har yau. Muka fito jirgin ƙarshe ya tafi, kuɗin tasi ya fi na tikiti. Uwargida kwana biyu ba ta yi min magana ba.

Zulai
Allah sarki Baba, Allah ya mayar da alheri. Mu ma tasi ta taɓa yi mana haka.

Nafisa, ɗalibar kiɗa
Baba, abin da ka gani yana faruwa, amma wannan daban ne, na je. Shugabannin kiɗan biyu ne, Degun da Laurence Cummings, ba wanda yake ƙarƙashin wani. Ana rera wasu wuraren da Italiyanci, wasu da Hindi, Urdu, Tamil, Malayalam, Bengali da Punjabi. Kuma akwai dalilin da ya sa haɗin ya zauna. Monteverdi ya fara nuna wasan a Mantua ta Italiya a 1607, lokacin da mai tsara kiɗa ba ya rubuta komai da komai, yana barin makaɗi ya cike da basirarsa, mawaƙi ya yi wa murya kwalliya. Makaɗan Indiya kuwa da kunne suke koyo wajen malami, cikin raga, wato tsarin karin sautinsu, suke ƙirƙira nan take. Da kiɗan Turai na baya-bayan nan ne, mai makaɗa tamanin da kowa ke bin takarda, da sita ta nitse.

Baban Khalifa
'Yata, su ma wancan haka suka rubuta a takardar talla.

Malam Habu, Sheffield
Da girmamawa Baba, wanda bai ga wannan wasan ba bai kamata ya yanke masa hukunci ba. Ita ma Nafisa kunnen makaranta gare ta, ba irin na Hajiya ba. Ni na je da matata, kuma mun tashi da Indiya tun ana nuna ta a Plaza da Marhaba. Gaskiya ba waƙar fim ba ce. Ba rawar gayu, ba amshin da za ka kama ka fita kana rerawa. Mawaƙiya za ta riƙe kalma ɗaya tana juya ta tsawon lokaci. Ni tsigar jikina ta tashi, ita kuwa madam bayan hutu ta fara gyangyaɗi. Ɓangaren Italiyancin ne ya fi gundurar ta.

Nafisa, ɗalibar kiɗa
Malam, kunnen makaranta laifi ne? A Zariya aka haife ni, kiɗan ƙwarya na fara ji kafin fiyano.

Ummu Aiman
Ba wanda ya gaya mata labarin ma. Tatsuniyar Girkawa ce: maciji ya sari amarya ta mutu, ango ya bi ta duniyar matattu ya roƙi allolinsu su ba shi ita, aka ce kar ya waiwaya, ya waiwaya. Ki fara faɗa wa Hajiya tun a gida, kar tana zaune ta ji ana dawo da mamaci ta tashi tana a'uziyya.

Ɗan Fagge
Wadda ta ga jarumi ya mutu an sake haifarsa ya dawo ɗaukar fansa, wannan ne zai ba ta tsoro?

Maman Ilham, Bradford
Na gode duka. Amma don Allah maganar matakala fa? Kuma fassarar waƙoƙin da ake sakawa a allo, Turanci ce kaɗai?

Sadiƙu, Leeds
Turanci ce Anti. Ni can sama na zauna, na sha hawa. Ki nemi kujerun ƙasa.

Hajiya Ummi, Manchester
Su ne masu tsadar da nake faɗa.

Malam Habu, Sheffield
Ni abin da na fito da shi ma ɓacin rai ne na daban. Na ga yaran Indiyawa haifaffun nan suna riƙe da kayan kiɗan kakanninsu, suna da ƙungiya a Leeds, South Asian Arts, da ke koyar da su tun suna ƙanana. Mu fa? Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015. Yaro nawa ne a cikinmu zai iya ɗaure kuntigi, balle ya kaɗa? Da za a ce yau a kawo mai kukuma ko mai kalangu a zauna da Turawan nan, a ƙasar nan wa za mu tura?

Zulai
Malam ai mu muka kashe su. Ɗanka ya ce zai koyi kalangu, za ka yarda? Cewa za a yi roƙo ya shiga.

Baban Khalifa
Bikin ɗiyar wana da na je gida, ba makaɗi ko ɗaya. Yaro ne da kwamfuta da lasifika, kuma kuɗin da aka ba shi ya isa a ɗauko masu kalangu har da sanƙira.

Nafisa, ɗalibar kiɗa
To Baba, ni da na ce zan karanta kiɗa, wa kake zaton ya fara hana ni? Ba Turawa ba ne, 'yan uwan babana ne, har taro suka yi a kaina.

Ummu Aiman
Su ma suna da hujjarsu, Nafisa. Bari in sallaci isha'i in dawo miki.