Shawarwari kan Binciken Yaron da Ake Zargin Ya Kamu da Shan-inna

A wata tattaunawa kan sa ido kan cutar shan-inna, wato foliyo, abin da mahalarta suka fi jaddadawa shi ne, duk yaron da bai kai shekara 15 ba wanda ƙafarsa ko hannunsa ya saki kwatsam ya yi laƙwas, a kai rahotonsa ga jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma nan take, shi kuma ya isa gidan cikin sa'o'i 48. Ana karɓar bayan gidan yaron sau biyu, da tazarar aƙalla sa'o'i 24, kafin a cika kwana 14 da fara shanyewar, a sa a akwatin ƙanƙara zuwa ɗakin gwaji na Ibadan ko Maiduguri, domin zafi yana kashe ƙwayar cutar a hanya.

An daɗe a kan batun rawar da masu ɗori, wanzamai da masu maganin gargajiya za su iya takawa wajen kai rahoto, kuma da gaskiyarsu, tunda uwar da ta ɗauka Inna ce ta taɓa ɗanta wurinsu take fara zuwa, ba asibiti ba. Wasu sun tunatar cewa duk da an ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar foliyo a 2020, nau'in da ya rikiɗe daga raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigon rigakafi yana ci gaba da ɓulla inda rigakafi ya yi ƙaranci. Bayan kwana 60 da fara shanyewar akan koma a sake duba yaron da aka kai rahotonsa.