Gyale mai ratsi-ratsi a lokacin zafi: wa ke da dabara?

Autar gida:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah shawara nake nema. An ba ni kyautar gyale shara-shara mai ratsin fari da ruwan bula, tsawonsa ya kusa mita 2. Ina son sa, amma da na yafa sai ya dinga zamewa, hannuna kullum yana kafaɗa. Sannan duk rigar da na ɗora shi a kai sai in ga kamar faɗa suke. Ga zafi ya kankama, ba na son abin da zai jiƙa min wuya sharkaf.

Anti mai ɗinki:
Wa alaikumus salam Auta. Kafin a zo maganar yafi, duba ɗan ƙyallen da ke ɗinke a gefensa ki gaya mana da wane zare aka saƙa shi. Mutane suna ruɗuwa a nan, suna zaton duk abin da ba shi da nauyi yana da sanyi. Shifon ɗin poliyesta sakayau yake a hannu, amma ɗanshin da zarensa ke sha bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba, don haka gumi sai ya tsaya a fata yana danƙo. Auduga tana shan wajen kashi 8, biskos (zaren da ake sarrafawa daga itace) da lilin sun fi haka ma.

Autar gida:
Anti babu ƙyallen, da alama an yanke.

Anti mai ɗinki:
To zaro zare biyu ko uku daga gezarsa, ki riƙe da ɗan hantsaki a kan faranti ki kusanta ashana. In ya yi ƙaurin takarda ya bar toka mai laushi, auduga ce ko biskos ko lilin. In ya yi ƙaurin gashi, siliki ne. In kuwa ya narke ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo mai tauri, roba ce irin su poliyesta. Zaren kawai za ki ƙona fa, gyalen ki ajiye shi can nesa.

Autar gida:
Na gwada. Ƙaurin takarda, tokar ta murmushe a yatsa.

Anti mai ɗinki:
Madalla. Tunda kuma kin ce yana zamewa, na fi zaton biskos ne, don auduga tana da ɗan kaushin da ke kama riga. Zai yi miki daɗi a zafi. Sai dai ki kula da wanki, biskos in ya jiƙe ƙarfinsa raguwa yake sosai. Kada ki murɗe shi wajen matsewa. Ruwan sanyi, sabulu kaɗan, ki naɗe shi cikin tawul ki danna, ki shimfiɗa a inuwa. In kika rataye shi a igiya yana ɗigar ruwa, zai miƙe ta gefe ɗaya, ratsin ya karkace, guga ba za ta dawo da shi ba.

Maman 'yan biyu:
Maganar zamewa kuwa, ni na daina sa fil a irin waɗannan yadudduka. Ɗan zare ɗaya zai ja, sai ki ga layi ya tsaga gyalen daga sama har ƙasa, kuma a mai ratsi abin ya fi fitowa fili. Ƙananan maganaɗisun nan masu zuwa biyu-biyu nake sawa, ɗaya ta cikin riga ɗaya ta waje, a saman kafaɗa. In a kai za ki yafa, sa siririyar hular auduga a ciki. Kuma kada ki raba tsawon daidai wa daida. Bar ɓangare ɗaya ya fi tsawo, shi za ki wurga ta baya, nauyinsa ne zai riƙe sauran.

Hajiya Babba:
'Yan nan, ku bar ni in sa baki a maganar riga. Auta, gyale mai ratsi shi ne mai magana a jikinki, rigar sai ta yi shiru. Zaɓi launi ɗaya daga cikin ratsin ki sa riga mara zane mai wannan launin, fara ko ruwan bula, an gama. In kina son ki ɗan fita daban, ruwan ƙasa mai haske ko ruwan toka suna ɗaukar bula da kyau. Amma a ɗora ratsi a kan furanni a kan ɗigo-ɗigo, ni dai idona ba ya iyawa.

'Yar gayu:
Hajiya a yi min afuwa, zan ɗan saɓa. Ana haɗa ratsi da furanni ya yi kyau, sharaɗi biyu ne kawai. Launi ɗaya ya kasance a cikin duka biyun, sannan girmansu ya bambanta. Ratsi sirara da manyan furanni, ko ratsi masu faɗi da ƙananan furanni. Inda ake samun faɗan da Auta ke gani shi ne in duka biyun girmansu ɗaya, ido ya rasa inda zai sauka.

Hajiya Babba:
Ke dai kin fi ni ƙarfin hali, 'yata. Ku yara ku gwada, mu mun tsaya a inda muka sani.

'Yar gayu:
Kuma Auta, ba dole sai yafi ba. Ranar da zafi ya yi zafi, ninka shi a tsawonsa sau uku ya zama siriri, ki rataya a wuya bakunan biyu su zubo gaba, babu ƙulli ko ɗaya. Ƙulli a maƙogwaro shi ke tara gumi ya jawo ƙurajen zafi. Ko ki ninka shi a karkace, ratsin su koma a gicciye, ki ɗaura a kai. Ni wannan ya fi burge ni, don sai ya zama kamar wani gyalen daban.

Uwar gida:
Ni tambayata, gaskiya ne ratsin da ke kwance yana ƙara wa mutum ƙiba? Ina da jiki, shi ya sa nake gudunsu.

Malama:
Yaya, maganar nan ta daɗe tana yawo amma gwaji bai goyi bayanta ba. Tun 1867 wani masani Bajamushe, Hermann von Helmholtz, ya nuna cewa in aka zana murabba'i biyu masu girma ɗaya, wanda aka cika da layuka a kwance sai ido ya gan shi ya fi tsawo da siranta. A 2011 Peter Thompson na Jami'ar York a Ingila ya gwada abin a kan surar mutane, bai ga ratsin kwance yana ƙara ƙiba ba. Balle ma gyale, da kin naɗa shi ratsin sun lanƙwashe ta ko'ina. Abin da zai cika miki ƙirji shi ne tulin naɗi a wuya. Ki bar shi ya zubo tsaye kawai.

Uwar gida:
Kai, ashe na daɗe ina hana kaina a banza. To baƙin ratsi fa? Akwai wani baƙi da ruwan goro da nake ta kallo, ina tsoron zafi.

Malama:
Baƙi ya fi fari zuƙar zafin rana, wannan haka yake. Amma a 1980 mujallar Nature ta buga wani gwaji da aka yi kan manyan rigunan Badawiyawan hamada, aka ga zafin da ke isa jikin mai baƙar riga da na mai fara kusan ɗaya ne, saboda rigar burmemiya ce, iska tana kwashe zafin kafin ya taɓa fata. Wato in za ki yafa shi sako-sako, saya abinki. In kuwa manne shi za ki yi a kai ki shiga rana tsaka, nemi wanda fari ya fi yawa. 

Ma'aikaciyar jinya:
Ƙari a kan na Malama. Kada a ɗauka gyale shara-shara yana tare rana sosai. Farar rigar auduga ta yau da kullum ma kariyarta ba ta wuce 5 zuwa 7 a ma'aunin UPF mai nuna yadda yadi ke tare rana, wato wajen kashi ɗaya cikin biyar na hasken da ke ƙona fata yana ratsa ta, kuma in ta jiƙe hasken da ke ratsawa ƙaruwa yake. Ɗaga gyalen ki kalli fitila ta cikinsa. In kina ganin komai tar, ninka shi biyu ko ki shafa man kariyar rana a wuya. Sannan don Allah masu hawa babur, a tattare bakin gyale a cusa ta gaba. Isadora Duncan, shahararriyar mai rawa Ba'amurkiya, haka ta rasu a birnin Nice a 1927, dogon gyalenta ya naɗe a ƙafar mota.

Maman 'yan biyu:
Subhanallahi, Allah ya tsare. Anti, ni kuma nawa mai ja da fari, jan ya zuba a kan farin tun wankin farko. Yaya ake gane mai zuba?

Anti mai ɗinki:
Juya bayansa. In ratsin ya fito ciki da waje iri ɗaya, galibi zaren aka rina kafin saƙa, irin wannan ya fi riƙe launi. In bayan ya yi fari-fari, bugawa aka yi a sama. Kowanne ne dai, jiƙa farin ƙyalle ki goga a kan jan a can gefe, in ya kama to wanke shi shi kaɗai, kuma kada ki bar shi ya kwana a ruwa. Turare ma a fesa a jiki ya bushe kafin a yafa, musamman in siliki ne, yana barin tabo.

Autar gida:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na sa shi a kan farar doguwar riga da maganaɗisu, bai motsa ba. Saura guga, ya ɗan yamutse.

Anti mai ɗinki:
Juya cikinsa, ki shimfiɗa farin ƙyallen auduga a kai, ki rage wutar ta koma ƙasa-ƙasa, ɗigo ɗaya ko biyu a jikin dutsen. Ki bi tsawon ratsin, kada ki ja shi a gicciye.