Ina son ɗora injin turbo a Datsun 240Z ta tsohonmu, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'a. Akwai Datsun 240Z ƙirar 1972 da mahaifinmu ya bari, Allah ya jiƙan shi, tana ajiye a gidanmu na Mabera an lulluɓe ta da tamfol. Injin nata na asali, L24 mai kafireta biyu, ya buga tun da daɗewa. Yanzu wani abokina ya gano min Datsun 280ZX Turbo ta 1982 (turbo na'ura ce mai cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi) a Ƙwanni ta Nijar, an daki bayanta bodin ya tashi aiki, amma injin yana tashi. Mai ita ya ce ko in ɗauki injin kaɗai, ko in saye ta ɗungurungum da ƙarin kuɗi. Wanne ya fi? Kuma injin zai zauna ba tare da an yanka motar ba? Ba na son a lalata ta.

Bakanike, Runjin Sambo: Wa alaikumus salam. Alhaji, ka ɗauko ta duka, kada ka ji ƙyashin kuɗin. Injin wagga mota L28ET ne, gida ɗaya sunka fito da L24, silinda shida a jere, don haka a kan mazaunin injinka zai zauna, babu yanka babu walda. Aikin yana ga tarkacen da ke biye da shi. Injinka kafireta yake sha, wannan kuwa nozul ne masu fesa mai da birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin. Kana buƙatar wayarin ɗinsa cikakke, da birenbos ɗin, da mitar iska, da disfiyuta (ta 1982 a cikinta na'urar da ke karanta juyawar injin take), da famfon mai. In ka sayi injin tsirara, to ka shirya yawon Ƙofar Ruwa a Kano da Ladipo a Legas kana neman soket guda, kuma da wuya ka samu.

Sai layin mai. Kafireta matsin mai fam 3 zuwa 4 (a ma'aunin psi) ya ishe ta, nozul kuwa sai wajen 36. Tsofaffin robobin nan duk a cire su, a sa masu ɗaukar matsi, a faɗaɗa bututun da ke mayar da mai tanki. Tankin ma a sauke shi a wanke, na tabbata tsatsa ta cika shi.

Rewaya: Oga ya gama magana. Abin da zan ƙara: ka je da kanka ranar da za a kwance wayarin. Yaran gareji almakashi suke sa wa waya in sun gaji. Kowane soket a naɗa masa salatif a rubuta inda aka cire shi, a ɗauki hoto da waya.

Wani dattijo: Ɗana, ni ban goyi baya ba. Motar nan darajarta a injinta na asali take, masu tara tsofaffin motoci a Amurka da Japan lambar injin suke fara dubawa. Ka gyara L24 ɗin mana. Ƙarfin doki wajen 150 a motar da ba ta kai kilo 1,100 ba, ina za ka da ya fi haka, hanyar Illela?

Mai tambaya: Baba, na ji maganarka kuma gaskiya ce. Sai dai bulok ɗin ya tsage, an duba min. Zan ajiye shi a gida dai, ba zan sayar wa 'yan gwangwan ba.

Bakanike, Runjin Sambo: To madalla. Yanzu maganar da ta fi damuna ita ce zafi. Injin ga ƙarfin doki 180 yake bayarwa, kuma kamfani bai sa masa abin sanyaya iskar turbo ba. A watan Afrilu nan Sakkwato rana tana haura digiri 40, iska mai zafi ta shiga silinda, ga fetur ɗin 'yan bumburutu, sai ka ji injin yana ƙyas-ƙyas in ka taka. Wannan ƙarar fistin take ci. Ka bar matsin turbo yadda kamfani ya saita shi, wajen fam 7, duk wanda ya ce zai ƙara maka wuta ka ce ka gode. Lagireto sabo mai kauri, fanka ta lantarki, matatar iska mai kyau saboda ƙurar hunturu. Turbon Garrett T3 ne, baƙin mai kaɗai ke sanyaya shi, in ka dawo daga tafiya ka bar injin a silo na ɗan lokaci kafin ka kashe.

Direba, Gidan Dare: Kowa injin yake magana. Burkin baya na 240Z ganga ne, a gyara burki da tayoyi kafin a murza makulli. Kuma a leƙa ƙarƙashin batir da ƙarafan shasi, nan tsatsa take cin su.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Giyar fa, in bar tawa?

Bakanike, Runjin Sambo: Taka mai huɗu za ta ɗaure da injin, amma kada ka rinƙa fizgarta. In ta Ƙwannin ta hannu ce mai biyar, ka haɗo da ita, sai dai a gyara tsawon forfela da mazaunin giyar. Kuma ka karɓi rasit da takardun kwastan kafin ta ƙetaro iyaka.