Me ya sa ake jiran izinin gwamnati kafin a kai agaji yankin da ba ya hannunta?

Ɗalibar Lauya:
Assalamu alaikum. Akwai abin da ya shige mini duhu game da yaƙin Sudan. A watan Fabrairun 2024 gwamnatin Janar Burhan ta hana shigar da kayan agaji Darfur ta mashigar Adre da ke iyaka da Chadi, bisa zargin cewa ta nan makamai ke isa ga dakarun RSF da ke yaƙi da sojojin gwamnati, kuma ba ta janye haramcin ba sai a watan Agusta, bayan an tabbatar da matsananciyar yunwa a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam da ke Darfur. Tunda RSF ce ke riƙe da gefen Sudan na iyakar, me ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsaya jiran izinin gwamnati?

Malamin Shari'a:
Wa alaikumus salam, Malama. Amsar tana cikin sashe na 18 na Ƙarin Yarjejeniya ta Biyu ta 1977 ga Yarjejeniyoyin Geneva kan dokokin yaƙi, wadda ta shafi yaƙin cikin gida. Sashen ya ce idan fararen hula suka rasa abinci da magani za a gudanar da aikin agaji, amma da amincewar ƙasar da abin ya shafa, wato gwamnati, ba 'yan tawaye ba. Ƙasashe ne suka rubuta dokar, kuma ba su yarda su sallama ikonsu kan iyakokinsu ba.

Sai dai wannan izini ba na ganin dama ba ne. Sashe na 14 ya haramta amfani da yunwa a matsayin makami, don haka masana da yawa suna ganin gwamnatin da ta ƙi ba da izini ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba ta saɓa doka. A ganina, zargin makamai hujja ce ta binciken motoci, ba ta rufe hanya wata shida ba.

Tsohon Ma'aikacin Agaji:
Allah ya ƙara sani, Malam. A aikace kuwa, izini biyu ake nema. Takardar gwamnati ba za ta wuce da kai shingen 'yan bindiga ba, haka kuma ƙungiyar da ta tsallaka iyaka ba da yardar gwamnati ba tana iya rasa biza da ofisoshinta a sauran sassan ƙasar, inda miliyoyi ke jiran ta. Wannan tsoron, fiye da nassin doka, shi ke ɗaure hannun hukumomin Majalisar. A 1989, a Sudan ɗin nan, sai da aka samu amincewar gwamnati da 'yan tawayen SPLA duka kafin agaji ya kankama a kudu.

Ɗalibar Lauya:
Na gode. To ina batun Siriya, inda aka shiga ba da izinin Dimashƙa ba?

Malamin Shari'a:
Can Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ne ya ba da izinin da kansa, ta ƙuduri mai lamba 2165 na watan Yulin 2014, wanda ya buɗe mashigai huɗu daga Turkiyya da Iraƙi da Jodan, gwamnati kuwa sanar da ita kawai ake yi. Daga baya aka riƙa rage su har saura Bab al-Hawa kaɗai, sannan a Yulin 2023 Rasha ta hau kujerar na ƙi, tsarin ya rushe, aka koma neman yardar gwamnatin Assad. A kan Adre, Kwamitin bai ba da irin wannan izini ba.