Imel Mai Kulle Da Maganar Cin Amana

Alhaji Bala, Mile 12: Assalamu alaikum. Raina a ɓace yake tun jiya. Shekara biyu ke nan da wani yaro mai gyaran waya a Ikeja ya buɗe mini akwatin imel irin mai kulle, ya rantse cewa babu gwamnatin da za ta iya gano mai shi, ni kuma na kai maganar zuwa taron 'yan kasuwarmu har mutum shida suka bi sahuna. Jiya ɗana ya karanta mini cewa a 2021 kamfanin Proton na Suwizalan, mai irin wannan imel, ya ba da lambar IP (lambar da ke nuna layin intanet ɗin da mutum ya shiga da shi) ta wani ɗan fafutukar kare muhalli a Faransa, aka bi ta aka kama shi. Kamfanin da ke tallar sirri ya kuma miƙa bayanin mutum ya ci amana, kuma irin wannan imel ba shi da wani amfani.

Barista Hauwa, Obalende: Alhaji, ranka ya daɗe, cin amana kalma ce mai nauyi. 'Yan sandan Faransa ba su karɓi komai daga kamfanin kai tsaye ba, ta Europol, hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai, suka bi zuwa hukumomin Suwizalan, su kuma suka ba da umarni bisa dokar ƙasarsu, wadda kamfanin ke zaune a ƙarƙashinta. Abin da ke cikin wasiƙun bai fita ba, domin ba su da ikon buɗe shi. Wanda doka ta tilasta wa ba a kiransa maci amana.

Malam Nura, Agege: Barista, amana ba a kotu ake auna ta ba. Kafin wannan lamari, a shafinsu an rubuta cewa ba sa ajiye lambar IP, bayan an kama mutumin sai suka cire maganar. Idan babu rami, me ya kawo maganar rami?

Barista Hauwa: Malam, gyara rubutu ba amsa laifi ba ne. Kuma amana ita ce abin da aka damƙa maka ka karɓa da sharaɗi. A cikin sharuɗɗansu an faɗi cewa za su bi umarnin hukumar ƙasarsu.

Malam Nura: Sharaɗin da aka binne cikin ƙananan rubutu, aka bar alkawari da manyan baƙaƙe a bakin ƙofa, shi kansa rabin ha'inci ne.

Injiniya Sadiƙ, Ikeja: Kafin komai, Alhaji, ban ji daɗin "wani yaro mai gyaran waya" ba, domin duk wanda ya karanta zai ɗauka haka muke a Computer Village, kasuwarmu ta waya da kwamfuta a Ikeja. Game da batun kuwa, ku ɗauki imel kamar wasiƙa a ambulan. Kulle yana kare takardar ciki, amma bayan ambulan yana nan a fili: wa ya aika, wa aka aika wa, da ƙarfe nawa, daga wane layin intanet, kai a Proton har taken wasiƙar bai samu irin kullen da cikinta ya samu ba. A 2024 ma an yi haka a Sifen, inda Proton ya ba da adireshin imel na ko-ta-kwana (wanda ake dawo da akwati da shi idan an manta kalmar sirri) da wani ɗan fafutukar Kataloniya ya saka da hannunsa, daga nan aka nufi Apple aka samo sunansa.

Alhaji Bala: Ƙanena, ban ambaci sunan kowa ba. Naira dubu biyar ya karɓa, ya rubuta mini kalmar sirrin a bayan rasit, ya kuma saka lambar wayata da aka haɗa da NIN a ciki. Shi ya kamata ya yi mini wannan bayani na ambulan.

Injiniya Sadiƙ: Sau nawa muke yin bayani, mai waya ya ce yana sauri motar kayansa ta iso? Idan tumatir ya ruɓe a kwando ɗaya ba ma cewa duk Mile 12 haka take.

Usman, Idi-Araba: A bar maganar tumatir. In ana son ganin amana a dubi Lavabit, kamfanin imel mai kulle na Amurka, wanda Edward Snowden, mai fallasa sirrin leƙen asirin Amurka, ya yi amfani da shi. A 2013 gwamnatin Amurka ta nemi mabuɗin kullen kamfanin, mai shi Ladar Levison ya gwammace ya rufe sana'arsa baki ɗaya. Wannan shi ne namiji.

Barista Hauwa: Usman, ka faɗi rabi ka bar rabi. Ya fara buga mabuɗin a takarda da ƙananan baƙaƙen da ba sa karantuwa, kotu ta ɗora masa tarar dala 5,000 kowace rana, ƙarshe ya miƙa, sannan ya rufe. Mutum sama da 400,000 suka wayi gari babu akwatinsu. Su tasu amanar fa?

Hajiya Rabi, Agege: Ku yi haƙuri, 'ya'yana, ni abin da kuke kira cin amana ina kiransa taimako. Lokacin da aka ɗauke ɗan ƙanwata a hanyar gida, kwana goma sha ɗaya muna zaune gaban waya ɗaya muna jiran ta yi ƙara, kuma babu abin da muke roƙo illa a gano inda kiran yake fitowa. Wanda bai ɓoye komai ba, me yake tsoro?

Usman: Mama, Allah ya kiyaye gaba, amma mai zanga-zanga ba ɗan garkuwa ba ne. A nan Najeriya muka ga bayan EndSARS a 2020 an rufe asusun banki ashirin ta hanyar kotu. Kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanoninmu ajiye bayanan masu amfani da su har shekara biyu.

Hajiya Rabi: Ku da kuka je Lekki ku kuka san abin da ya kai ku.

Usman: Mama, wannan maganar ba ta dace da girmanki ba.

Injiniya Sadiƙ: A matsayina na mai kula da zauren nan, zan taƙaita. An tabbatar cewa kulle yana aiki, tunda ba a karanta wasiƙar kowa ba, an kuma tabbatar cewa kalmar cin amana ba ta hau ba, kamar yadda Barista ta yi bayani. Matsalar daga masu amfani take, waɗanda ba sa tsayawa su saurari masu sana'ar. Duk mai son a cire lambar wayarsa daga akwatinsa ya same mu a Ikeja.

Malam Nura: Ban ga inda aka tabbatar da hakan ba, kuma ba ka ambaci rubutun da suka cire ba.

Alhaji Bala: Ni dai har yanzu ba a faɗa mini abin da zan gaya wa mutum shidan nan ba, kuma ranar Asabar muke taro.