Na kasa sauka a hankali ba tare da na karya dokar tsayi ba

Assalamu alaikum, 'yan uwa matuƙa jirgi da masu koyo. Ni ɗalibi ne, a unguwar Mamobi a Accra nake zaune, inda ƙarar jiragen filin jirgin sama na Kotoka ke katse mana hira da daddare. Yanzu abin ya dawo kaina.

Ina atisaye a kwamfuta da Boeing 737, sauka a titin jirgi na 21, wanda ake biyowa ta saman unguwar East Legon. Malaminmu ya gindaya mana sharaɗin rage ƙara: kada mu sauko ƙasa da ƙafa 3,000 sai mun kama layin gangarowa na digiri 3. Lissafin na gane shi, kusan ƙafa 300 ne a kowane mil na teku, ke nan wajen mil 10 daga titin zan kama layin.

Matsalar gudu ce. Ina isa wurin jirgin na tafe da sauri, ya ƙi lafawa. Dole in buɗe birkin iska, in sauke tayoyi da wuri, sai gudu ya faɗi fiye da kima, in koma ƙara wa injin wuta. To ina ƙarar da aka rage? Jiya sau 4 ina fasa sauka, har shayina ya huce a gefe.

Don Allah, a mil nawa kuke fara rage gudu da buɗe fikafikan baya, wato sassan bayan fiffike da ake saukewa lokacin sauka? Kuma idan hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage ta ce ka sauko ƙasa da tsayin nan, umarninta za ka bi kai tsaye, ko sai ka sake tambaya? Malam ya yi tafiya Kumasi, gwajina kuma ranar Litinin ne.